An Yi Wa Tsohuwa Juye?

Yau dai ba labarin soyayya na riƙo muku ba, babu Alhaji mai kuɗi, babu uwar miji, babu yarinyar da aka yi wa auren dole. Labarin baƙin mai ne, da wata tsohuwar mota, da kuma wata ƙarya da na shafe wata goma sha huɗu ina yi wa mahaifina. Na daɗe ina juya maganar a raina, in rubuta ko in bari, domin a littattafaina na saba tona asirin mutanen da ni na ƙirƙire su, da aka zo kan nawa kuwa sai na ji alƙalamin ya yi nauyi. To amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Motar Fijo ce 504 mai dogon baya, irin wadda 'yan tasha ke kira wagon, mai layin kujeru uku. Fara ce a da, yanzu rana da shekaru sun mayar da ita launin kunun gyaɗa. A gidanmu babu mai ce mata mota, Tsohuwa ake kiran ta, har Inna takan ce ita ce kaɗai kishiyar da ta gagare ta. Baba ya saye ta a 1988 a hannun wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, lokacin ina aji uku a firamare, ya kuma yi shekara goma sha bakwai yana lodin Kano zuwa Maiduguri da ita. Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600, yau ya tafi gobe ya dawo. A jikin motar nan aka samo kuɗin makarantarmu, da kayan ɗakin 'yan uwana mata huɗu, da ragon kowace Babbar Sallah. Da ita aka kai Inna asibiti daren da za ta haifi autarmu, da ita kuma aka raka gawar kakarmu maƙabarta.

Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga motocin Japan ba za su gane matsayin 504 a ƙasar nan ba. Faransawa ne suka fito da ita a 1968, a shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma a wannan shekarar ce 504 ta lashe tseren nan na Safari a ƙasar Kenya, inda ake gudu cikin laka da ƙura da duwatsu. Kafin a ankara ta zama motar kowa, babban ma'aikacin gwamnati yana cikinta, ɗan tasha yana cikinta, amarya ma da ita ake kai ta. Faransawa sun daina ƙera mai ɗaukar fasinja a ƙasarsu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin bayan nan. Tamu haɗin Kaduna ce, kuma Baba yana alfahari da hakan kamar shi ya ɗaura mata notina.

Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya bar wani ya yi wa Tsohuwa juye ba. Giya, birki, kuloci, lagireto, duk yakan kai wa bakanike ya zauna ya sa ido. Amma abu biyu ya riƙe wa kansa: canjin baƙin mai da wankin eya kilina, wato matatar iskar da inji ke shaƙa. Yakan ce mota kamar mutum ce, baƙin mai jininta, iska numfashinta, wanda ya bar wa wani waɗannan biyun ya bar masa motar gaba ɗaya. Dokarsa ita ce juye duk kilomita 5,000, wanda a lokacin da yake kan hanya bai fi mako biyu ba, eya kilina kuwa in hunturu ya shigo ba ya wata ɗaya bai buɗe ta ba. Akwai wani ɗan littafi mai bangon ruwan ƙasa da yake ajiyewa a aljihun gaban mota, duk ranar da ya yi juye sai ya rubuta da ajami: kwanan wata, lambar da ke kan mita, da abin da ya gani a cikin man. In ya cika ya sayo wani. Wanda na tarar shi ne na shida.

A 2019 idon Baba ya rufe. Ciwon nan ne da likitoci ke kira gilakoma, mai cin jijiyar ido a hankali, ya fara daga gefe yana matsowa tsakiya, kafin mu kai shi asibiti an ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yayana ya kawo shawarar a sayar da motar tun tana da sauran daraja, a ƙara kuɗi a saya wa ƙaninmu Keke. Maganarsa ba ta rasa hujja ba. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ɗauko makulli ya miƙo ta wajen da ya ji muryata. Ya ce, “Kai kake yawon kai littattafai gari gari, riƙe ta. Abu biyu na roƙe ka, kada ka bar ta da tsohon mai, kada ka bar ta da toshewar hanci.” Na karɓa da hannu biyu, na ce in Allah ya yarda. Yaya bai ce komai ba, amma na ga yadda ya kaɗa kai.

Shekara huɗu na farko na cika alƙawari, ko da yake ba yadda Baba yake yi ba. Ni ban iya riƙe sifana ba, don haka wani yaro bakanike a bayan layinmu nake kai wa, in zauna a benci ina buga labari a waya, shi kuma ya gama ya ce, “Oga an gama, har eya kilina na wanke.” In biya, in rubuta a littafin da boko a ƙarƙashin ajamin Baba, in tafi. Tsohuwa kuwa ta yi mini rana. Da ita nake loda katan katan na littattafai daga Sabon Gari in kai Zariya da Kaduna da Gusau da Sakkwato, in kwantar da kujerun baya in cika ta har rufi, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba.

Sai abubuwa suka taru suka yi mini rubdugu. Kasuwar littafi dama ta daɗe tana ja da baya, masu karatu sun koma waya, wanda a da zai ɗauki kwafi ɗari biyar yanzu hamsin ma sai da roƙo. A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka cire tallafin fetur, farashi ya ninka ya sake ninkawa, kuɗin takarda ya bi shi, baƙin mai ma bai tsaya a baya ba. Juyen ƙarshe da na yi a watan Nuwamba na 2023 ne. Da lokacin na gaba ya yi, sai na lissafa kuɗin galan da filta da ladan bakanike, na ga ya kusa buhun masara, na ce bari a ɗan ƙara mako biyu. Mako biyu ya zama wata biyu. Daga nan na koyi dabarar da ta kusa kashe motar, wato ciko. In zaro geji in ga mai ya yi ƙasa, in sayi kwalba ɗaya a bakin titi in zuba, in ce ai mai mai ne.

Duk ranar Juma'a in na je gaida Baba, bayan an gama gaisuwa da tambayar iyali, sai ya ce, “An yi wa Tsohuwa juye?” Ni kuma in ce, “An yi, Baba.” Karo na farko gabana ya faɗi. Karo na biyu ya ɗan faɗi. Daga nan ta zama kamar amsar gaisuwa, yadda mutum ke cewa lafiya lau alhali zazzaɓi na cin sa. Har dabara na ƙara, na daina shigo da motar layinsu, in ajiye ta a bakin titi in taka, don na san kunnen Baba.

Ranar da dubuna ta cika wata Asabar ce a watan Janairu na 2025, ana tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari har ba a hango mota daga nesa. Jikan wani tsohon abokin tuƙin Baba ne zai yi aure a Wudil, Baba ya ce lallai sai ya je, kuma a Tsohuwa yake so a kai shi. Babu yadda zan yi. Na zaunar da shi a gaba, ya shafa dashbod kamar mai shafa kan jika, ya yi bismillah muka kama hanya. Tun muna fita daga Mariri ya yi shiru. Can ya ce, “Taka ta.” Na taka, motar ta yi wani gurnani, ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa. Ya ce, “Saki.” Na saki. Ya sake cewa, “Taka.” Haka muka yi sau uku. Muna gab da gadar Wudil ya ce in sauka gefen titi, kada in kashe.

Ya fito yana dafa jikin motar har ya kai bayanta, ya durƙusa a kusa da salansa ya shaƙi hayaƙin. Sannan ya ce in kashe. Ya jira ta ɗan huce, ya sa yatsa a bakin salansar ya murza, ya kai hanci. Ni ina tsaye ina kallon yatsan nan ya yi baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a tawada. Ya ɗago fuskarsa ta wajena, da idanun nan nasa da ba sa gani, ya ce, “An yi wa Tsohuwa juye?”

Wallahi makaranta, bakina ne ya riga ni. Na ji kaina ina cewa, “An yi, Baba.”

Ya ce, “To.” Ya goge yatsansa a gefen taya, ya koma ya zauna. Aka ɗaura aure, aka ci abinci, muka dawo Kano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba amma na ji ta kamar ta Maiduguri. Da zai sauka a ƙofar gida ya ce, “Asabar mai zuwa da hantsi ka kawo ta nan. Ka zo da galan ɗaya na mai da ƙarin lita ɗaya, da filta, da washa, da kananzir kwalba biyu. Ka zo mini da takwarana. Kada ka zo da bakanike.”

Makon nan ban rubuta ko shafi ɗaya ba. Ranar Alhamis na ranci kuɗi a wajen maiɗakina, daga na adashinta, na shiga Ƙofar Ruwa. Na sayi mai mai kauri, 20W-50, irin wanda tsofaffin injina ke so, galan mai lita 4 da ƙarin kwalba. Na sayi oyil filta da 'yar washa ta jan ƙarfe, wadda kuɗinta bai kai na ƙosai ba. Mai shagon da ya ji 504 ce sai da ya leƙo waje ya gan ta, ya ce, “Alhaji, har yanzu akwai masu riƙon amana.” Na yi murmushin yaƙe, maganar ta soke ni bai sani ba.

Asabar da hantsi na tarar an shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar darbejiyar ƙofar gida, ya naɗe kai da rawani saboda sanyi. Ɗana mai sunan Baba, ɗan shekara goma sha ɗaya, ya zauna kusa da shi. Baba ya ce, “Takwara, yau ni ne oga, ubanka ne yaron gareji, kai kuma idona.” Yaron ya ƙyalƙyale da dariya.

Ya sa na bar injin yana aiki kamar minti goma. Ya ce mai mai sanyi kamar zuma yake a hunturu, ba ya fita duka, kuma dattin da ya kwanta a ƙasa sai mai ya yi ɗumi ya motsa shi yake biyo shi. Na ɗauko jak, ya ji ƙarar ƙarfen ya ce in mayar. “Jak ba shi da amana, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Hau da ƙafafun gaba kan katakon nan, ja birkin hannu, sa giya, takwara ya sa dutse a bayan taya.” Na shimfiɗa buhu na kwanta na ja jiki, a karo na farko a rayuwata na ga cikin Tsohuwa ta ƙasa. Injin 504 a kishingiɗe yake ta gefe ɗaya, ba a tsaye sak ba, ƙarƙashinsa kuma kwanon mai ne, da noti ɗaya a gindinsa. Baba ya ce in sassauta da sifana, in ƙarasa da yatsu ina danna notin sama, sai na ji zaren ya ƙare in fizge hannu gefe. Na yi duk yadda ya ce ban da fizgewar. Mai mai zafi ya bi hannuna har gwiwa, notin ya faɗa cikin roba, na yi ƙara na buga goshi a ƙarfe. Takwara ya faɗi ƙasa don dariya. Baba ya ce, “Yawwa, ta gaishe ka.”

Abin da ya fito daga motar nan ban san da wane suna zan kira shi ba. Baƙi ne, mai kauri, yana zuba yana yankewa, ga wani wari kamar na ƙonannen tuwo gauraye da fetur. Baba ya ce a bar shi ya tsiyaye har sai ɗigo ya daina, sannan a kawo masa robar. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa, domin ya riga ya gaya mini abin da yake nema. In mai ya yi fari fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, gasket ya ƙone. In kuwa akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, to metal ɗin kiranshaf ya fara cinyewa, inji na hanyar bugawa, kuma ni da shi mun san babu mai kuɗin sauke inji a gidan nan. Maganar Yaya ce za ta tabbata, sai dai a kira masu sayen gwangwan su auna ta a kilo.

Ya tsoma yatsu biyu har ƙasan robar, ya ɗebo, ya murza a hankali kusa da kunnensa kamar mai sauraron wani abu. Ya sake ɗebowa. Ya ce da yaron, “Karkata robar a rana, ka duba da kyau, kana ganin wani abu yana walƙiya kamar ƙyalƙyalin gyalen mata?” Yaron ya duba ya duba, ni kuwa numfashina ya tsaya. Ya ce, “Babu, Baba, baƙi ne kawai.” Baba ya sa aka kawo maganaɗisun tsohuwar rediyo aka ja a ƙasan robar, ya shafa, ɗan laushin toka ne kawai ya kama. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Alhamdu lillahi. Akwai yashi, amma babu ƙarfe. Saura ƙiris.”

Sannan ya yi mini bayanin abin da ciko ba ya yi. Mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ke kwashe zafi da toka da ragowar fetur da ke sulalewa ta gefen fistin, ya riƙe su a jikinsa. In ya cika da datti ya gaji, ko ka zuba sabo a kai dattin yana nan, kamar mai ƙara ruwa a bahon da aka wanke yara goma ne. Filta kuma in ta toshe akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa mai ya wuce ba tare da an tace shi ba, don kada inji ya bushe, wato tun watanni Tsohuwa ke shan dattinta.

Muka cire tsohuwar filta, da ƙyar ta juyu, sai da na naɗa mata tsohon bel. Ya sa na goge mazauninta da tsumma, na duba ko tsohuwar robar ta manne a wurin, na shafa sabon mai da yatsa a kan robar sabuwar, na ɗaura da hannu kawai, in ta taɓa in ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na juyi. Na sa sabuwar washa a notin ƙasa na ɗaure. Ya ce, “Ɗaurin mutunci, ba ɗaurin gaba ba. In ka cinye zaren kwanon nan ka jawo mana wani aikin.” Na zuba mai ta mazurari, na tsaya kafin galan ya ƙare, muka jira ya sauka, takwara ya zaro geji ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya ce yana tsakanin zane biyu, kusa da na sama.

Na ɗauka an gama, har na fara wanke hannu. Baba ya ce, “Saura hanci.”

Eya kilinar Tsohuwa ba irin ta motocin yanzu ba ce mai takarda, wadda ake cirewa a jefar. Irin ta da ce mai wanka da mai, wata tukunyar ƙarfe da baƙin mai a gindinta da curin waya kamar soson ƙarfe a samanta. Iska tana shigowa ta nufo ƙasa da gudu, sai ta yi kwana a kan man ta koma sama. Ƙura mai nauyi ba ta iya wannan kwanar, sai ta faɗa cikin mai ta nutse, mai laushin kuma ta manne a jikin wayar da mai ya jiƙa. Dabara ce ta ƙasashe masu ƙura, ba ta buƙatar sayen komai sai wanki da ɗan mai. Daga baya na karanta cewa kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska kusan lita 9,000. Ka auna wannan da hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ta zube mana a Kano daga Nuwamba har wajen Maris, ƙurar da ko a ɗaki ka rufe ƙofa sai ka rubuta sunanka a kan tebur.

Maƙallan tukunyar sun yi tsatsa, sai da na ɗiga musu kananzir na buga da gindin sukundireba. Baba yana jin bugun ya ce, “Wannan ba shekara ɗaya ba ce rabonta da buɗewa.” Da na ɗaga murfin na rasa bakin magana. Babu mai ko ɗigo. Abin da ke ciki laka ce ja ta bushe ta tsattsage kamar gindin tafki a watan Afrilu, wayar kuma ta toshe ta zama kamar gidan zanzaro. Ashe yaron da nake biya yana cewa ya wanke, bayan tukunyar kawai yake gogewa. Ban ga laifinsa sosai ba, mai motar ma yana benci yana buga waya. Baba ya sa hannu ya ɓantaro lakar ya murƙushe ta. Ya ce ga dalilin baƙin hayaƙi da jinkirin da ya ji a hanyar Wudil: iska ba ta isa, kafireto yana tura fetur fiye da kima, fulogi yana yin baƙi, ragowar fetur ɗin yana wanke bangon silinda ya gangara cikin mai. Ƙurar da ta samu ta wuce kuma tana goge ringi kamar sanfefa. Wato kuɗin da nake ganin na tsimi a kan juye, na ninka shi na ba masu gidan mai ban sani ba.

A nan ne, ina durƙushe da tukunyar nan a gabana, hannuna baƙi, na ce, “Baba, ban yi juye ba tun Nuwambar waccan shekarar. Duk amsar da nake ba ka ƙarya ce. Ka yafe mini.”

Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce takwara ya je ya karɓo masa ruwa a wajen Inna. Da yaron ya shige ya ce, “Na sani tun ranar da ka fara ajiye ta a bakin titi. Shekara talatin da wani abu ina jin muryar motar nan, ka zaci ba zan ji rashinta ba? Jira nake ka faɗa da bakinka.” Ya gyara zama. “Da ka ce mini babu kuɗi, da na ce ka jingine ta, mota ba ta mutuwa don an jingine ta wata biyu. Ko in sayar da agogona. Talauci ba abin kunya ba ne, na yi shi kafin a haife ka. Ka ga idon nan nawa? Haka ya tafi, babu ciwo babu ihu, kullum ina cewa gobe zan je a duba. Abin da ke ci a ɓoye shi ake tsoro.” Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na sa hannu zan share na shafa wa fuskata baƙin mai. Yaron ya dawo da kofi ya gan ni ya sake fashewa da dariya, Baba ya tambaye shi mene ne, ya ce, “Abba ya zama dodo.” Har Baba sai da ya dara.

Na kankare lakar da cokali, na wanke tukunyar da kananzir har ƙarfenta ya fito, sai ga wani zane a jikinta da ke nuna iyakar mai. Na jiƙa wayar a kananzir na girgiza, na canza na sake, sau huɗu kafin ya daina fitowa ja. Muka kife ta a rana ta tsane sarai. Baba ya ce in zuba sabon mai daidai zanen, kada in wuce ko da kaɗan, in ya yi yawa inji zai zuƙe shi ya yi ta hayaƙi. Na mayar, na duba robar bakin murfi da bututun da ya tafi kafireto ko akwai tsaga, na ɗaure. Tsohon man muka juye a jarka, ya hana a zubar a kwata, ya ce a kai wa masu katako suna shafawa saboda gara.

Ya ce, “Tayar.” Na murɗa makulli. Jar fitilar mai ta kama, ɗaya, biyu, uku, ta mutu. Ya sa yaron ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo a noti ko a filta, babu. Baba ya karkata kai yana saurare, can ya ɗaga hannu ya ce, “Ka ji ta? Ta daina haki.” Ni dai ban ji bambancin da ya ji ba sai da na hau titi, na taka ta amsa nan take. Muka kashe, muka jira minti biyar, muka sake duba geji, na ƙara ɗan abin da filta ta shanye.

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Har yau in na tayar da ita da asuba sai ta yi ɗan shuɗin hayaƙi kafin ta washe, kuma tana cin mai fiye da da. Baba ya ce ringi ne suka sha ƙura, wata rana sai an sauke inji, abin da ya goge ya goge. Na fara ajiye wani abu duk wata saboda ranar. Yaya ma na same shi na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ya yi faɗansa na yayye, daga ƙarshe ya ce in ranar ta zo a faɗa masa, zai kawo nasa.

Kafin mu tashi a ranar Baba ya ce a ɗauko littafin. Ya sa takwara ya karanta masa layin ƙarshe da lambar da ke kan mita yanzu, yaron ya yi lissafi a ƙasa da tsinke ya ce kilomita 16,000 da ɗoriya. Baba ya ce, “Malam marubuci, rubuta. Kwanan wata, lamba, sannan ka sa: mai ya ƙone, akwai yashi, babu ƙarfe, eya kilina ta bushe. Rubuta yadda aka gani, kada ka yi mata kwalliya irin ta littattafanku.” Na rubuta, yatsuna suka bar tambarin baƙin mai a gefen shafin.

Tun daga ranar ni nake yi da hannuna, a ƙofar gidan Baba, takwara yana miƙo sifana. Jiya Juma'a na shiga da ita har layinsu na tsaya a gindin darbejiya. Ban kai ga yin sallama ba na ji muryarsa daga zaure yana cewa, “Bar ta tana aiki tukuna, in ji.”

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya jiƙansu. Wanda ke da tsohuwar mota a gida, don Allah gobe ya buɗe bonet ya zaro geji. Sai mun sake haɗuwa.